Yadda idon ɗan ƙaramin ƙuda ke kashe saƙon haske, da inda lamarin ya taɓa namu idon

Daga watan Afrilu zuwa Yuni, duk wanda ya ratsa layin masu mangwaro a kasuwar Garwa ko Marwa ko Injamena zai ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje masu jajayen idanu suna shawagi a kan ɓawo da nunannun 'ya'yan da suka fashe. Tsawon ɗayansu bai wuce milimita 3 ba. Masana na kiransa Drosophila melanogaster, kuma fiye da shekara ɗari ke nan ana kiwonsa cikin kwalabe a ɗakunan bincike. Lokaci zuwa lokaci labari kan fito cewa an gano wani sabon abu game da yadda idonsa ke daina amsa haske, mai sauraro kuma ya rasa inda zai ajiye labarin. Mai lambu na tambaya ko maganin tsutsar mangwaro aka samo. Mai fama da ido na tambaya ko waraka ce ta zo. Ɗalibin kimiyyar halittu a Marwa ko Ngaundere kuwa yana kallon sunayen furotin irin su Arr2 da INAD da NINAC a takardar darasi, bai ga zaren da ya ɗinke su ba.

Zaren ɗaya ne. Ido ba ya iya ganin abin da ke zuwa sai ya gama da wanda ya wuce, kuma a idon wannan ƙuda sinadarin da haske ke shigo da shi cikin ƙwayar gani, wato kalsiyam, shi ne kuma ke ba da umarnin a tsaya a kusan kowane mataki.

Wane ƙuda ake nufi

Ƙudan da ke huda lafiyayyen mangwaro ya zuba ƙwai a ciki daban ne. Dangin Tephritidae ne, irin su Ceratitis cosyra ɗan asalin Afirka, da Bactrocera dorsalis da ya fito daga Asiya, wanda aka fara ganinsa a nahiyar nan a Kenya a 2003. Drosophila melanogaster ba ya huda lafiyayyen ɗa. Wanda ya riga ya ruɓe yake bi, saboda yis ɗin da ke tsirowa a kansa. Asalinsa Afirka ne kudu da Sahara, kuma wani bincike da aka buga a 2018 daga dazukan Zimbabuwe ya nuna cewa a daji 'ya'yan danya ya fi so, itacen da mu ma muke da shi a dazukanmu.

Ya yi suna a kimiyya ne ta ido. A 1910 Thomas Hunt Morgan na jami'ar Columbia da ke New York ya tsinci namiji mai farin ido cikin jajaye, ya bi yadda farin idon ke gado daga iyaye zuwa 'ya'ya, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1933. Ƙudan na da sauƙin kiwo: a zafin digiri 25, kwana goma sun isa ƙwai ya zama babba.

Abin da ke faruwa idan haske ya shiga

Kowane ido na ƙudan haɗakar 'yan ƙananan idanu ne kimanin 800, kowanne da ƙwayoyin gani takwas. A gefe ɗaya na kowace ƙwaya akwai 'yan siraran yatsu wajen 30,000 jere a matse, kuma kowane yatsa na ɗauke da kimanin 1,000 na furotin mai kama haske da ake kira rodopsin. A cikin rodopsin akwai wani ɗan lanƙwasasshen sinadari da jiki ke samarwa daga dangin bitamin A.

Haske na zuwa ne ɗigo-ɗigo. Idan ɗigo ɗaya ya faɗa kan wannan sinadari, sai ya miƙe, miƙewar kuma ta sauya siffar rodopsin gaba ɗaya ya koma abin da ake kira metarodopsin. Wannan shi ne kunnanne. Shi ke tayar da wani furotin ɗan aike mai suna Gq, Gq ya tayar da PLC, PLC kuma ya shiga yanka wani kitse da ke jikin tantanin yatsan, mai suna PIP2. Yankan nan ne ke sa waɗansu ƙofofi iri biyu da ke tantanin, TRP da TRPL, su buɗe. Sodiyam da kalsiyam su kwararo ciki, wutar lantarkin ƙwayar ta sauya, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa.

Ɗigon haske ɗaya tak ya isa ya buɗe ƙofofi kimanin 15 a yatsa ɗaya, ya haifar da ɗan tsallen lantarki da ke tashi ya faɗi cikin milisakan 20 ko kusa da haka. Milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan. A duk sarƙoƙin saƙo da ke aiki da irin wannan ɗan aike, ba a san wadda ta fi ta idon ƙuda sauri ba. Ta ninka ta ƙwayoyin ganin dare na dabbobi masu ƙashin baya sau goma zuwa ɗari. Fitilar da ke ƙyaftawa sau 60 a sakan mutum kan gan ta a tsaye, amma waɗansu manyan ƙudaje na rarrabe ƙyaftawa fiye da 200 a sakan.

Me ya sa kashewa ce babbar magana

Almajirin da ya cika allonsa ba shi da wurin sabon rubutu sai ya wanke. Haka ƙwayar gani take. Idan saƙon ɗigon farko bai gushe ba na biyu ya iso, sai su cakuɗe, hannun da ke zuwa dukan ƙuda ya zama inuwa maras iyaka a idonsa. Saurin gani, ashe, ba a saurin kunnawa kaɗai yake ba. Iyakarsa tana wajen saurin kashewa.

Wahalar ita ce kowane mataki na sarƙar yana ninka na gabansa. Metarodopsin ɗaya na iya tayar da Gq da yawa muddin yana kunne, PLC ɗaya na yanka kitse da yawa muddin Gq na riƙe da shi. Don haka rufe ƙofofi kaɗai ba ya wadatarwa, tun da abin da ke buɗe su bai daina zuwa ba. Dole a tsayar da rodopsin, a tsayar da ɗan aike, a tsayar da mai yanka, a kwashe abin da aka yanka, a rufe ƙofa, a fitar da kalsiyam, a kuma mayar da kitsen da aka ci. Duk cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba.

An gano waɗannan matakai ne ta hanyar ƙudajen da suka gaza. A 1969 wasu masu bincike biyu, Cosens da Manning, suka ba da rahoton wani ƙuda da ke gani a haske maras ƙarfi amma ya koma tamkar makaho a haske mai ƙarfi: idan aka auna lantarkin idonsa, amsar kan tashi sannan ta mutu alhali fitilar na kunne. Baruch Minke da abokan aikinsa suka sa masa suna trp a 1975. A jami'ar Purdue ta Amurka kuma William Pak ya shafe shekaru yana gurɓata ƙwayoyin gadon ƙudaje da gangan, yana ɗora siririyar waya a idonsu ɗaya bayan ɗaya, yana ware waɗanda amsarsu ta karkace. Yawancin sunayen da ke rikita ɗalibai daga irin wannan aiki suka fito. Irin wannan suna bayanin aibin da aka gani ne a ƙudan da ya rasa wannan furotin, ba bayanin aikin furotin ɗin ba.

Arestin, da dalilin jan ido

A idon mutum, rodopsin da haske ya taɓa kan rabu da sinadarinsa daga baya, sai an sake ƙera shi ta doguwar hanya. Na ƙuda ba ya rabuwa. Metarodopsin kan zauna daram, kuma da za a bar shi zai yi ta tayar da Gq. Abin da ke tsayar da shi furotin ne mai suna arestin, wanda ke zuwa ya manne masa ya toshe gurbin da Gq ke kamawa. Idon ƙudan na da iri biyu, Arr1 da Arr2, na biyun ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma shi ke ɗauke da nauyin aikin. A 1993 Patrick Dolph da sauran masu aiki a ɗakin binciken Charles Zuker suka samar da ƙudaje marasa Arr2, suka ga amsar idonsu na jan ƙafa bayan an kashe fitila. Wannan ne ya tabbatar da aikin arestin a jikin dabba mai rai.

Akwai wani gwaji da ke fito da lamarin fili. Babban rodopsin na ƙudan, Rh1, shuɗin haske ya fi sha, mai tsawon zango kimanin nanomita 480 (tsawon zango shi ne ma'aunin da ke bambanta launukan haske). Da ya koma metarodopsin sai ya fi shan haske ruwan lemo, wajen nanomita 570, kuma idan ya sha wannan sai ya koma rodopsin kamar da. Wato launi ɗaya na kunna shi, wani launin na mayar da shi. To rodopsin ya ninka arestin yawa a ƙwayar. Idan aka haska shuɗi mai ƙarfi har metarodopsin da ya taru ya fi arestin ɗin da ke akwai, abin da kan faru idan an juya kusan kashi ɗaya cikin biyar ko fiye, sai ragowar su rasa mai toshe su. Ƙwayar kan ci gaba da aika saƙon haske awa da awanni a cikin duhu, kuma ba ta amsa sabon haske. Walƙiya ɗaya ta ruwan lemo na kashe wannan nan take. A ƙudan da ba shi da Arr2, ɗan shuɗi kaɗan ya isa ya jefa shi cikin wannan hali.

Daga nan ake fahimtar amfanin jan idon. Jan launin da ke kewaye da kowane ɗan ƙaramin ido yana tare shuɗi da kore don kada su tsallaka zuwa maƙwabta su ɓata hoto, amma yana barin ja ya ratsa. Jan hasken da ke yawo a cikin idon ba ya kunna rodopsin sosai, sai dai yana mayar da metarodopsin gida. Ƙudan da ke yawo a rana, ke nan, hasken ranar ne ke sabunta masa abin ganinsa. Saboda haka masu bincike kan yi wancan gwaji da ƙudaje masu farin ido, jikokin irin na Morgan.

Ɗan aike da mai yanka

Gq na ɗauke da agogonsa. Yana kunne ne muddin yana riƙe da sinadarin GTP, ya kuma mutu idan ya fasa shi. Shi kaɗai yana da nawa wajen fasawar. A 2000 aka nuna cewa PLC ɗin da yake tayarwa shi ne ke gaggauta masa: da Gq ya isar da saƙo, wanda ya karɓa sai ya kashe shi. Hujjar ta fito daga ƙudajen da PLC ɗinsu ya yi ƙaranci ƙwarai. Gq kan daɗe yana yawo kunne kafin ya gamu da PLC, amsa ta yi ta ɓullowa bayan haske ya ɗauke.

Abin da PLC ya yanka ma sai an kwashe. Ɗaya daga cikin gutsattsarin, DAG, wani furotin ne mai suna RDGA ke sauya shi, matakin farko a hanyar sake ƙera PIP2. Ƙudan da ya rasa RDGA ƙofofinsa a buɗe suke ko a duhu, ƙwayoyin ganinsa kuma kan lalace tun yana sabon fitowa.

Kalsiyam: mai zuga kuma mai tsawatarwa

Nan ne zuciyar lamarin. A duhu kalsiyam ɗin da ke cikin yatsa kaɗan ne ainun. Ƙofar TRP kuwa, kamar yadda Roger Hardie da Minke suka nuna a 1992, kalsiyam ta fi bari ya wuce. Yatsan ya yi ƙanƙanta ƙwarai, don haka buɗewar ƙofa ɗaya ta isa ta cika shi. A 'yan milisakan na farko, kalsiyam ɗin da ya shigo zuga yake yi: yana sa sauran ƙofofin yatsan su buɗe kusan lokaci guda, abin da ke ba tsallen lantarkin saurin tashi. Da yawansa ya ninka sau dubbai, sai aikinsa ya juye. Ya rufe ƙofofin, ya kuma kai umarnin tsayawa ga matakan da ke sama.

Yana kai umarnin ne ta hannun wani ɗan furotin mai kama kalsiyam, kalmodulin, da kuma wani mai suna PKC. A duhu, wani furotin mai suna NINAC na riƙe da Arr2 a kusa da yatsu. Binciken ɗakin Hardie a jami'ar Cambridge a 2008 ya nuna cewa idan kalsiyam ya kama kalmodulin, NINAC kan saki arestin, lokacin toshe metarodopsin ya ragu daga kimanin milisakan 200 zuwa kimanin 20. Tsari ne mai ma'ana: ba a sakin mai kashewa sai an tabbatar saƙo ya fita, tun da shigowar kalsiyam ita ce shaidar ƙofa ta buɗe. PKC kuma, wanda kalsiyam da DAG ke tayarwa tare, tun 1991 aka san ƙudan da ya rasa shi ba ya iya tsayar da amsa da wuri, ba ya kuma sabawa da haske mai ƙarfi.

Duk wannan na yiwuwa cikin sauri ne saboda ba a bar furotin ɗin suna neman juna ba. Wani furotin mai suna INAD, mai mariƙai biyar, yana ɗaure TRP da PLC da PKC wuri guda a jikin tantani, abin da aka gano tsakanin 1996 da 1997. Idan babu shi, PLC da PKC kan watse daga yatsu su ragu, amsa ta yi rauni ta yi nawa. A 2007 aka ƙara gano cewa mariƙinsa na biyar na sauya siffa idan haske ya zo, wato shi ma yana da hannu a sassauta sarƙar.

Fahimtar aikin kalsiyam ta warware kacici-kacicin ƙudan 1969. Craig Montell da Gerald Rubin sun gano ƙwayar gadon trp, wadda ke samar da ƙofar TRP, a 1989. Ƙudan da ya rasa ta, ƙofar TRPL kaɗai ta rage masa, ita kuma ba ta shigo da kalsiyam mai yawa. Babu kalsiyam, babu mai tsawata wa PLC, sai ya yanke PIP2 ɗin yatsun kakaf cikin 'yan sakanni. Amsarsa na mutuwa ne don kayan aiki sun ƙare, ba don an kashe ta ba. Wannan bayani ya fito a 2001.

Bayan an rufe, wani furotin mai musaya, CalX, kan fitar da kalsiyam ɗaya ya shigo da sodiyam uku. Kafin yatsan ya farfaɗo yakan yi kimanin milisakan 100 ba ya amsa komai. Wannan hutu ba asara ba ce. Da tsakar rana ɗigon haske har kusan miliyan na iya faɗa wa ƙwaya ɗaya a sakan. Yatsu 30,000, kowanne na amsawa kamar sau goma a sakan, jimilla ba za ta wuce amsa 300,000 ba, sauran ɗigon su faɗa kan yatsun da ke hutu su wuce. Ga shi kuma kalsiyam ɗin da ya taru a ƙwayar na rage girman kowane tsalle. Ta haka ƙwaya ɗaya ke aiki daga almuru har zuwa ranar Afrilu, alhali mutum sai da ƙwayoyi iri biyu, na dare da na rana. Idan hasken ya daɗe, ƙwayar kan ƙara da waɗansu dabaru masu nawa: ƙwayoyin launi su matso kusa da yatsu su rage haske, Arr2 ya ƙaru a yatsu, ƙofofin TRPL kuma a kwashe su zuwa cikin ƙwayar.

Inda masana suka saɓa

Babban saɓanin shi ne abin da ke buɗe ƙofar kai tsaye, kuma ya shafi kashewa, domin sai an san mabuɗi za a san abin da ake janyewa. Yankan PIP2 na fitar da IP3 da DAG da sinadarin tsami, yana kuma rage shi kansa PIP2 ɗin. Da farko IP3 aka zarga. Amma a 1997 da 2000 aka nuna ƙudajen da ba su da makarɓar IP3, wato furotin da ke karɓar saƙonsa, suna gani lafiya. Ɗakin Minke ya dawo da batun a 2015 da cewa IP3 na da rawa a haske maras ƙarfi, ɗakin Hardie ya sake gwajin a 2017 bai ga haka ba. Masu ra'ayin DAG na kafa hujja da ƙudan RDGA, da kuma binciken 1999 da ya nuna waɗansu kitse da ake iya samu daga DAG na buɗe ƙofofin. Raunin wannan ra'ayi shi ne DAG da aka zuba daga waje ba kasafai yake buɗe su da saurin da ake bukata ba. Ra'ayi na uku ya fito a 2010 da 2012: raguwar PIP2 na tsuke tantani, har Hardie da Kristian Franze suka auna motsin ƙwayoyin gani idan haske ya taɓa su, kuma wannan jan tare da tsami ne ke buɗe ƙofa. A ma'aunin hujjojin da aka buga, IP3 ne ya fi rauni. Tsakanin sauran biyun ba a yanke ba, kuma babu abin da ya hana su yi aiki tare.

Saɓani na biyu kan tafiyar Arr2 ne daga cikin ƙwaya zuwa yatsu. Ɗakin Craig Montell ya ruwaito a 2004 cewa NINAC ne ke ɗaukarsa. Akiko Satoh da Donald Ready suka nuna a 2005 cewa yana isa ko babu NINAC. Bayanin da ya biyo a 2010 ya fi sauƙi: arestin yawo kawai yake yi, inda metarodopsin ya yi yawa nan yake maƙalewa, kuma adadin da ke ƙaura na tafiya daidai da adadin metarodopsin da aka samar. Wannan daidaito hujja ce mai ƙarfi. Game da PKC kuwa, waɗansu na ganin ƙofar TRP yake yi wa alama ta rufe, waɗansu na ganin PLC yake sassautawa.

Idan kashewar ta lalace

Akwai hanya biyu da ƙwayar gani ke mutuwa, kuma suna fuskantar juna. Ƙudan da ba shi da Arr2, idan aka bar shi a haske, ƙofofinsa ba sa hutawa, kalsiyam ya yi masa yawa ya kashe ƙwayar. Haka ma wanda ya rasa CalX. Wannan ba abin mamaki ba ne.

Ta biyun ce ta ba da mamaki a 2000. Bayan metarodopsin ya koma rodopsin, dole arestin ya sake shi, wani furotin mai suna RDGC kuma ya goge alamar fosfet, wato wani ɗan sinadari da aka liƙa wa rodopsin ɗin lokacin da yake kunne. RDGC ma da kalsiyam yake aiki. A ƙudan da ya rasa RDGC, ko wanda ya rasa PLC don haka kalsiyam ba ya shiga, arestin kan manne ya ƙi saki. Ƙwayar ta haɗiye su biyun zuwa cikinta, su taru, ta hallaka. Idan aka cire Arr2 daga irin waɗannan ƙudaje, sai idanunsu su tsira. Rashin arestin na makantarwa, mannewarsa ma na makantarwa.

Abin da ya shafi jama'a

Ƙwayoyin ganin mutum a juye suke aiki: haske rufe ƙofofinsu yake yi, kalsiyam kuma raguwa yake. Amma rodopsin da ɗan aike da arestin duk muna da su, kuma akwai cututtukan gado na kashewa. Ciwon Oguchi, wanda wani likitan Japan ya bayyana a 1907, na zuwa daga lalacewar arestin ko furotin da ke yi wa rodopsin alamar fosfet. Mai shi kan ɗauki awanni kafin idonsa ya saba da duhu. A 2004 aka bayyana wani ciwon da ke zuwa daga lalacewar RGS9, mai gaggauta kashe ɗan aike a idon mutum: masu shi na shan wuya idan sun fito daga ɗaki zuwa rana, kuma abu mai gudu kamar ƙwallo kan ɓace musu. A ciwon retinitis pigmentosa, mai cin ƙwayoyin gani sannu a hankali, an samu wani gurɓataccen rodopsin da ke manne wa arestin, irin abin da aka fara gani a ƙuda. Har yanzu wannan ilimi bayani yake bayarwa, bai zama maganin da ake sayarwa ba. Duk wanda ya tallata magani da sunan wannan bincike ya wuce abin da binciken ya ce.

Dundumin da aka fi sani a ƙauyukanmu kuwa daga ɗaya ɓangaren yake, wato ƙarancin bitamin A da ake ƙera rodopsin da shi. Ƙuda ma idan aka hana shi wannan a abinci rodopsin ɗinsa kan ragu ƙwarai. Wannan dundumi yana da magani da rigakafi: man ja, hanta, karas, gwanda, mangwaro, ganyen zogale, da ɗigon bitamin A da ake ba yara 'yan wata 6 zuwa 59. Kamaru ta wajabta ƙara bitamin A a man girki na masana'anta tun 2011. Wanda dundumin bai sake shi ba duk da haka, musamman idan akwai irinsa a dangi, likitan ido ya kamata ya gani. Ƙara shan bitamin barkatai ba ya gyara ciwon gado, kuma yawansa na da haɗari ga mai juna biyu.

Ribar da ta fi fitowa fili ta zo ne daga gefe. Ƙofar TRP ta ƙuda ta zama ta farko a babban dangi. A 1997 David Julius ya gano TRPV1, ƙofar da yajin barkono da zafin da ya haura digiri 43 ke buɗewa a jijiyoyinmu, ya kuma raba kyautar Nobel ta 2021 da Ardem Patapoutian. Ita ma takan dushe idan an daɗe ana tsokanarta, kuma a kan wannan aka gina man shafawa na sinadarin barkono don ciwon jijiya. A cikin idonmu ma akwai 'yan ƙwayoyi masu melanopsin, da aka tabbatar da aikinsu a 2002, waɗanda ke bin tsarin ƙuda na Gq da PLC da ƙofofin TRP. Su ke saita agogon barci da tsukewar ƙwayar ido, shuɗin haske suka fi ji, kuma suna da nawa wajen kashewa. Sannan rodopsin ɗan babban gidan makarɓai ne, wato furotin masu karɓar saƙo a jikin tantanin ƙwaya, da kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan zamani ke aiki a kansu, daga abin shaƙa na masu asma zuwa magungunan kashe zafi dangin mofin da tiramol. Dangin arestin ne ke dusar da waɗannan makarɓai, kuma wannan na cikin abubuwan da ake nazari don fahimtar dalilin da jiki ke sabawa da magani, ko da yake masana ba su daidaita kan girman rawarsa a magungunan kashe zafi ba.

Ga makiyayi da manomi, ilimin idon ƙwari ya riga ya yi aiki a wani wuri. Ƙudan tsando, mai kawo sammore ga shanu a tudun Adamawa da ciwon barci ga mutane, shuɗi ke jan sa. A yankin Mandul na kudancin Chadi an fara kafa ƙananan shuɗɗan ƙyallaye masu maganin ƙwari a bakin ruwa a 2014, tare da gwajin jama'a da yi musu magani, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Chadi ta kawar da ciwon barci a matsayin matsalar lafiyar jama'a. Wannan nasara daga nazarin launin da tsando ke so ta fito, ba daga nazarin arestin ba. Mai lambun mangwaro a bakin Binuwai ko Logon kuwa, ƙudan da ke masa ɓarna ta hanci aka fi kama shi: tarko mai ƙamshin metil yujinol na jawo mazan Bactrocera, sannan a riƙa tsince 'ya'yan da suka faɗi ana binnewa da zurfi ko a ƙulle su cikin baƙar leda a rana, don tsutsar ta mutu kafin ta shiga ƙasa.